Muryar Akwati a Cikin Kwamfuta: Nazarin Amsar Bugu da Makwaikwayin Amfilifaya Wajen Ɗaukar Jita a Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jona jitar lantarki da kwamfuta, ya buɗe manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya, sannan ya kashe sashen lasifika da ke cikinta, ya san irin sautin da ke fitowa. Ƙara ce mai tsini, kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani, tana sukar kunne tun kafin a gama kaɗa tsirkiya ta biyu. Da zarar kuwa an ɗora wani ɗan ƙaramin fayil a bayan manhajar, sai tsinin ya kwanta, sautin ya yi jiki, ya koma irin wanda kunne ya saba ji a faifan waƙa. Wannan fayil, wanda sau da yawa tsawonsa bai kai ƙiftawar ido ba, shi ne abin da muke nazari a nan. Za mu fayyace ma'anar kalmomin da za mu yi aiki da su, mu rarraba hanyar da sautin jita ke bi, mu duba yadda ake samar da fayil ɗin da ire-irensa, sannan mu tsaya a kan tsarin aiki da shi da kuma iyakarsa. Matsayarmu ita ce, abin da fayil ɗin ke riƙe da shi shi ne abin da makirufo ɗaya ya ji daga wuri ɗaya a gaban lasifika ɗaya, kuma fahimtar wannan ce ke raba mai cin moriyarsa da mai wahala da shi.

Ma'anar Muhimman Kalmomi

Sauti kaɗawar iska ne. Adadin kaɗawar a cikin daƙiƙa ɗaya shi ke sa murya ta yi kauri ko ta yi siriri, kuma ana auna shi da ma'aunin Hertz, wanda ake taƙaita rubutunsa da Hz. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, ita kuwa tsirkiyar jita mafi kauri, idan an ɗaure ta yadda aka saba, tana kaɗawa sau 82 da ɗoriya a daƙiƙa. Amfilifaya na'ura ce mai ƙara wa sigina ƙarfi, sigina kuma shi ne sautin yayin da yake tafiya a matsayin lantarki cikin waya. Idan aka matsa wa amfilifayar jita fiye da abin da za ta iya fitarwa sumul, sai ta yanke kawunan siginar, sautin ya yi kaushi da ƙarfi. Wannan shi za mu riƙa kira gurnani, kuma da gangan makaɗa ke neman sa. Akwatin lasifika shi ne akwatin katakon da aka kafa lasifika ɗaya ko biyu ko huɗu a jikinsa. Makwaikwayi kuma manhaja ce ko na'ura da ke yin aikin amfilifaya ta hanyar lissafi.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a wannan nazari ita ce amsar bugu, wadda masu sana'ar ke kira da haruffa biyu, IR. Idan mutum ya tsaya a tsakiyar zauren da babu kowa ya yi tafi ɗaya, abin da ya biyo bayan tafin, wato yadda bango da rufi suka mayar masa da shi har ya mutu, shi ne amsar da zauren ya bayar ga bugu guda. Zaure mai rufin azara da ɗaki mai rufin kwano ba za su amsa iri ɗaya ba, ko da hannu ɗaya ne ya yi tafin. Haka akwatin lasifika yake da tasa amsar. Idan aka ɗauke ta aka adana a fayil, an sami cikakken bayanin kaɗawar da akwatin ke ɗagawa, da wadda yake dannewa, da kuma tsawon lokacin da kowace ke ɗauka kafin ta mutu. Saura kalmomi biyu na awo. Kwamfuta tana adana sauti ne a matsayin jerin lambobi, kowace lamba za mu kira ta ɗigo, kuma an saba ɗaukar ɗigo 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa. Milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa.

Hanyar Sautin Jita da Rabe-rabenta

Sautin jitar lantarki yana ratsa zango biyar kafin ya shiga faifai. Na farko shi ne maɗaukin da ke jikin jitar, maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, wanda ke mayar da motsin tsirkiya lantarki. Na biyu amfilifaya, na uku akwatin lasifika, na huɗu makirufon da aka kafa a gabansa, na biyar kuma ɗakin da ake aikin a ciki. Waɗannan zangogi sun kasu gida biyu bisa wasu sharuɗɗa biyu. Sharaɗin farko shi ne gwargwado: idan aka ninka abin da ya shiga, abin da ya fito ya ninka daidai, ba tare da an haifi wata sabuwar kaɗawa ba. Sharaɗi na biyu shi ne tabbata: abin ya amsa yanzu kamar yadda zai amsa anjima. Duk abin da ya cika sharuɗɗan nan biyu, amsar bugunsa ta isa ta bayyana halinsa gaba ɗaya. Akwati da makirufo da ɗaki sun kusa cika su matuƙar ba a ƙure ƙarfin sauti ba. Amfilifaya mai gurnani kuwa ta karya sharaɗin farko ƙarara, domin aikinta ke nan ta haifi kaɗawar da babu ita a tsirkiya. Wannan ne dalilin da ya sa aka raba aikin biyu: makwaikwayi ya ɗauki nauyin amfilifaya, amsar bugu ta ɗauki nauyin zangogi uku na ƙarshe.

Makwaikwayi kansa iri biyu ne. Akwai wanda ake ginawa ta hanyar bin sassan amfilifaya ana rubuta lissafin aikinsu, kuma a wannan layi ne Amp Farm da POD na kamfanin Line 6 suka fito a 1998, AmpliTube a 2002, Guitar Rig a 2004. Akwai kuma wanda ke koyo daga amfilifaya ta gaske, a tura mata siginar gwaji a kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fito. Na'urar Kemper ta Jamus, wadda ta fito a 2011, ita ta yaɗa wannan hanya, manhajar Neural Amp Modeler ta kyauta kuma ta kai ta ga kowa. Abin lura a iri na biyu shi ne wani kwafin an ɗauke shi tare da akwati, wani kuma amfilifaya ce tsagwaronta. Wajibi ne mai aiki ya san wanne ke hannunsa kafin ya ɗora amsar bugu.

Dalilin Muhimmancin Akwati

Makaɗan gargajiya sun daɗe da sanin cewa tsirkiya ke ba da karin sauti, amma ƙoƙon da aka ɗaura ta a kai shi ke ba da murya. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya da ɗan ƙaramin jiki, ba zai taɓa yin amon garaya ba ko da an ja tsirkiyoyinsu daidai. Matsayin akwati ke nan ga jitar lantarki. Lasifikar jita, wadda faɗinta yawanci inci 12 ne, ba a ƙera ta don ta fitar da komai daidai ba. Fitattun lasifikun kamfanin Celestion na Ingila, irin su Greenback ta shekarun 1960 da Vintage 30 ta 1986, aikinsu yana tsakanin wajen 70 Hz ne zuwa 5,000 Hz, daga nan sai sautin ya faɗi da sauri. Gurnanin amfilifaya kuwa yana haifar da kaɗawa mai yawa a sama da 5,000 Hz, kuma ita ce ƙarar ƙudan zuman da muka ambata da farko. Lasifikar ce ke tace ta. Bayan tacewar, a tsakanin iyakokin nan biyu akwai tudu da kwari masu yawa, wani wuri ya ɗaga wani ya faɗa, gwargwadon takardar faifan lasifikar da girman akwatin da kuma ko bayansa a buɗe yake ko a rufe. Waɗannan tudu da kwari su ne kamannin da kunne ke gane sauti da su. Shi ya sa sauya amsar bugu kan canza sauti fiye da sauya makwaikwayi a lokuta da dama.

Yadda Ake Samar da Ita da Yadda Take Aiki

A ka'ida, bugu ɗaya mai gajarta matuƙa ya isa, amma a aikace irin wannan bugu ba shi da ƙarfin da zai rinjayi hayaniyar ɗaki, idan kuma aka ƙara masa ƙarfi yana iya lalata lasifika. Saboda haka hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda Angelo Farina na Jami'ar Parma a Italiya ya bayyana a shekarar 2000: a tura wa lasifika wani sauti mai kama da fito, wanda ke tasowa daga can ƙasa yana hawa a hankali har ya wuce inda kunne ke ji, a ɗauka da makirufo, sannan manhaja ta cire siginar gwajin daga abin da aka ɗauka. Abin da ya rage shi ne amsar bugu. Ana tura fiton ne ta amfilifaya mai tsabta wadda ba ta ƙara komai nata, don kada halinta ya shiga fayil ɗin.

Mun sha zama a gaban akwati muna wannan aiki, kuma wurin kafa makirufo ne ke cinye mafi yawan lokacin. Ana haska tocila ta cikin ƙyallen da ya rufe gaban akwatin har a hango 'yar hular da ke tsakiyar faifan lasifika, a manna ɗan salatif a daidai inda hular ta haɗu da faifan, a kawo bakin makirufo kusa da ƙyallen har tazarar ba ta wuce faɗin yatsa ba. A ɗauka a nan, a matsa inci ɗaya zuwa gefe a sake ɗauka, a ƙara inci ɗaya a sake. Idan aka zo saurare, na tsakiya yana da kaifi har yana neman yin tsini, na gefe ya yi duhu da laushi, kai ka ce lasifika biyu ne daban. Wannan shi ke bayyana dalilin da ya sa akwati ɗaya kan zo da ɗaruruwan fayiloli a wurin masu sayarwa.

Aikin da kwamfuta ke yi da fayil ɗin ana kiran sa kwambolushan, kuma mafi kusa da shi a Hausa shi ne saƙa. Kowane ɗigo na siginar jita ana ɗaukar sa tamkar ɗan ƙaramin bugu, a ba shi cikakkiyar amsar akwatin gwargwadon ƙarfinsa, sannan a tara dukkan amsoshin a kan juna bisa jerin lokacinsu. Idan amsar tana da ɗigo 2,048, ana kuma aiki da ɗigo 48,000 a daƙiƙa, yin haka kai tsaye na bukatar ninkawa sama da miliyan 98 a kowace daƙiƙa. Dabarar lissafin da Cooley da Tukey suka wallafa a 1965 ta rage wannan nauyi ƙwarai, duk da haka sai a 1999 Sony ta fitar da na'urar DRE-S777 mai yin wannan saƙa nan take don kwaikwayon amon ɗakuna. Yau ƙaramar kwamfutar cinya tana ɗaukar aikin ba tare da nishi ba.

Ire-iren Amsar Bugu

Za mu iya karkasa su ta fuska huɗu. Ta fuskar akwati, akwai mai lasifika huɗu da rufaffen baya, irin wanda kamfanin Marshall ya shahara da shi, mai dunƙulallen kauri da ya dace da kiɗa mai nauyi. Akwai kuma mai lasifika ɗaya ko biyu da buɗaɗɗen baya, irin na amfilifayoyin Fender da Vox AC30, mai sakakken sauti da ya fi dacewa da kiɗa mai tsabta. Mai neman irin amon jitar Agadas, inda kowace tsirkiya ke fita sarai ko da akwai ɗan gurnani, zai fi saurin kusantar sa ta iri na biyu. Ta fuskar makirufo, Shure SM57, wanda ya fito a 1965, yana tura tsakiyar sauti gaba. Sennheiser MD 421 na 1960 yana ƙara jiki. Royer R-121 na 1998, mai siririn zirin ƙarfe a ciki, yana tausasa kaifi yana cika ƙasa.

Ta fuskar tsawo, akwai gajeru da dogaye. Na'urori irin su Helix suna karɓar ɗigo 1,024 ko 2,048, wato wajen milisakan 21 ko 43 idan ana aiki da 48,000. Masu sayarwa kuma kan bayar da na milisakan 200 ko 500 don kwamfuta. Tun da sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, a cikin milisakan 21 bai yi tafiyar da ta wuce mita 7 da ɗoriya ba, don haka gajeren fayil yana ɗauke da akwati da makirufo ne da ɗan abin da ya dawo daga kusa, dogon kuma yana haɗawa da jelar amon ɗaki. Tsawo yana shafar kauri ma, domin fayil mai ɗigo 1,024 ba ya iya bambanta kaɗawa biyu da tazararsu ta gaza wajen 47 Hz, wannan kuwa tazara ce babba a yankin tsirkiya mai kauri. Ta fuskar gyara, akwai ɗanye, wanda aka bari da ɗan jinkirin da ke farkonsa, akwai kuma wanda aka daidaita aka tattaro ƙarfinsa zuwa farkon fayil. Amfanin wannan bambanci zai fito a sashe na gaba.

Tsarin Aiki a Gida

Jerin da ya dace shi ne: jita, sai mashigar katin sauti da aka tanada don kayan tsirkiya, mai turjiyar wajen om miliyan ɗaya, sai makwaikwayi, sai manhajar ɗora amsar bugu, irin su NadIR ta kyauta. Ana adana siginar jitar tsurarta, domin a iya sauya amfilifaya da akwati bayan an gama kaɗawa. Jinkirin da ke tsakanin taɓa tsirkiya da jin sauti yana rataye ne da yawan ɗigon da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa; ɗigo 128 a kan 48,000 bai kai milisakan 3 ba, kuma yawancin makaɗa suna kaɗawa a haka cikin natsuwa. Duk abin da ke haifar da gurnani dole ya zo kafin amsar bugu. Na'urar daidaita kauri da kaifi kuwa, tun da ita ma ta cika sharuɗɗan gwargwado da tabbata, ko an sa ta gab da gaban amsar ko a bayanta sakamakon ɗaya ne. Wanda yake da amfilifaya ta gaske mai kwalaben bawul zai iya bin wannan tsari, amma sai ya jona mata akwatin ɗaukar nauyi mai om 4 ko 8 ko 16 daidai da bukatarta, domin kunna irinta ba tare da lasifika ko madadinta ba yana iya ƙona taransifomarta.

Kurakuran da aka fi faɗawa guda huɗu ne. Na farko shi ne tara akwati biyu. Mun taɓa kwashe yamma guda muna ƙara kaifi a kan wata jita da ke fita kamar an lulluɓe ta da bargo, sai daga baya muka lura akwatin cikin makwaikwayin yana kunne, ga kuma amsar bugu a bayansa. Tacewa biyu ta haɗu ta cinye saman sautin. Na biyu shi ne haɗa fayiloli biyu da farkonsu bai daidaita ba. Idan ɗaya ya makara da milisakan 1 kacal, wanda ya yi daidai da tazarar santimita 34, kaɗawar 500 Hz da 1,500 Hz da 2,500 Hz za su kashe juna, sautin ya zama kamar daga cikin bututu yake fitowa. Maganinsa a haɗa waɗanda aka daidaita farkonsu, ko a matsar da ɗaya har jikin sautin ya dawo. Na uku shi ne kwatanta fayiloli ba tare da daidaita ƙarfinsu ba, alhali kunne kan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba. Na huɗu shi ne ɗora wa amsar bugu laifin gunjin lantarki. Wutar Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, maɗaukin jita mai naɗi ɗaya yana tsintar wannan gunji da 'ya'yansa na 100 Hz da 150 Hz, gurnani kuma yana kumbura shi. A tushe ake maganinsa, ta hanyar nisantar kwamfuta da caja, da juya jiki har a sami kusurwar da ya lafa.

Iyakar Amsar Bugu

Sharuɗɗan da suka ba amsar bugu ƙarfinta su ne kuma suka shata mata iyaka. Lasifikar da aka ƙure tana da nata ɗan gurnani, kuma idan naɗin wayarta ya yi zafi takan rage amsawa. Fayil ɗin bai san wannan ba, yadda ya amsa taɓawa mai laushi haka zai amsa mai ƙarfi. Amfilifaya mai bawul da lasifikarta suna tasiri a kan juna, domin turjiyar lasifika tana hawa da sauka gwargwadon kaɗawa, wannan kuma aikin makwaikwayi ne ya kwaikwaya. Lasifika mai juyawa irin ta Leslie ta karya sharaɗin tabbata, don haka fayil ɗaya ba zai ɗauke ta ba. Kukan da ke tasowa idan iskar lasifika ta dawo ta kaɗa tsirkiya shi ma yana bukatar iska ta gaske. Abin da ya fi damun sabon shiga kuwa shi ne, yana tsammanin jin abin da ya saba ji idan ya tsaya a gefen akwatinsa, inda ƙasa ke girgiza, bango ke mayar da amo, kunnuwa biyu ke ji daga nesa. Abin da fayil ke ba shi shi ne abin da makirufo ya ji a tazarar yatsa, wato sautin da injiniya ke ji a ɗakin sarrafawa, wanda kuma shi ne ke shiga faifai. Ɗan amon ɗaki da za a ƙara a baya yana rage wannan bambanci ga mai saurare da abin kunne.

Kammalawa

Mun ga cewa amsar bugu tana wakiltar akwati da makirufo da ɗan rabon ɗaki, makwaikwayi kuma yana wakiltar amfilifaya, kuma sharuɗɗan gwargwado da tabbata ne suka raba musu aiki. Wannan dabara ta ba mai ɗaki ɗaya a gidan haya damar ɗaukar jita da tsakar dare, da muryar akwatin da ba zai iya saya ko kunnawa ba, maƙwabcinsa kuma yana barci. Shawarar da nazarin ya kai mu gare ta ita ce a taƙaita zaɓi. Injiniyan da ke aiki da akwati na gaske yakan shekara da akwati ɗaya da makirufo biyu har ya san halinsu, ya san inda zai matsa idan sauti ya yi tsini. Mai aiki a gida ma ya ware fayiloli uku ko huɗu na akwati ɗaya, na tsakiya da na bakin hula da na gefe, ya daidaita ƙarfinsu, ya riƙa sauraron su a cikin waƙa tare da ganga da murya, domin a nan ne ake gane wanda ya zauna. Idan jita ta yi tsini ya koma fayil na gefe, idan ta nutse ya dawo na tsakiya, kamar dai hannunsa ne ke kan makirufon.